Ta Uku Daga Hagu

Jikata tana da shagon kitso a bakin layinmu, ni kuma ina da kujera a ciki. Ba kitso nake yi ba, yatsun sun daina jin magana. Aikina in riƙe kwalbar man kai, in saurari abin da duniya take ciki.

Ran nan da hantsi shagon ya cika. Ga nas da kanta rabi a tsefe, ga matar direba, ga wata doguwa mai sayar da turare. Musun mawaƙa suke. Nas ta je wasan Ɗan Tabarau, ta ce tun daga bakin ƙofa kiɗan ke dukan ƙirjinta.

"Wane kiɗa?" in ji matar direba. "Baki kawai yake motsawa, na'ura ke yi masa waƙar."

"Ke da ko ƙofar ba ki taɓa gani ba? Koma ki kalli fim ɗinki, kullum mutum ɗaya ya mutu ya dawo."

"Shi dai ɗan fim in ya yi kuka, hawayen nasa ne," in ji matar direba.

Mai turare ta ce duk su yi shiru, tun da Mai Sanda ya rasu waƙa ta bi shi. In ba su yarda ba su tambayi 'Yar Amshi.

Nan na taɓe baki. 'Yar Amshi maƙwabciyata ce, tsohuwa kamata, ƙofarta na kallon tawa. Tun da ta tare a gidanmu take cewa ta yi wa marigayin amshi, wai ita ce ta uku daga hagu. 'Yan mata su cika mata ɗaki tana ba su labarin fitilu da tafi, ni kuwa sai na yi tari ake gaishe ni. Kuma ban taɓa jin ta rera ko baiti ɗaya ba, ko tana wanki.

Na ce, "Ta uku daga hagu a ina? A layin famfo?"

Aka kwashe da dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, sai na ƙara. "Ba kun ce komai yana cikin wayar nan ba? Ku nemo mana tsohon wasan mu ƙirga."

"Kaka, ki ƙyale baiwar Allah," in ji jikata, tsinken kitso a bakinta.

Amma nas ta riga ta fara latsawa. Can sai ga 'Yar Amshi za ta wuce da kwandon cefane. Na leƙa taga na ce, "Ƙawata, shigo ki ga kanki a sinima!"

Ta shigo, ta ajiye kwandon. Aka haɗa kai a kan wayar. Hoton ya tsufa, yana rawa. Ga Mai Sanda da sandarsa, ga mata a jere a bayansa. Na sa yatsa na ƙirga. Ta ukun siririya ce mai dogon wuya, da wushiryar nan da har yau take da ita.

Ita ce.

Shago ya ɗauki ihu. Nas ta rungume ta, mai turare ta fesa mata kyauta. Ita kuwa ba ta yi murmushi ba. Ta dafa hannun nas ta ce, "Ya isa haka, 'yata. Kashe."

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma na ji ƙanshin wani abu a ƙasa, na ce, "A'a, ai a bari mu ga ƙarshe."

Muka gani kuwa. Ana tsakiyar waƙa sai muryarta ta fito ita kaɗai, ta riga kowa, har shi mai waƙar. Ya ɗaga sanda, kiɗa ya tsaya cak. Ya juyo da abin magana a bakinsa ya ce, "Ke ta ukun nan, in waƙar taki ce, zo in ba ki sandar." Jama'a suka fashe da dariya. Ya nuna mata matakala. Tana sauka takalmi ɗaya ya zame, dole ta sake hawowa ta ɗauka, mai ɗaukar hoton yana biye da ita har ta ɓace a bayan labule.

Nas ta kife wayar a cinya. Matar direba, wadda bakinta ba ya hutawa, ta hau gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

"Takalmin aro ne," in ji 'Yar Amshi a hankali. "Ya matse ni, hankalina ya koma ƙafa. Daga ranar ban sake hawa ba. Ashe yana nan, kowa na gani."

Ta juyo ta dube ni. "Kin ƙirga, ƙawata?"

Na nemi inda zan sa idona, na sa shi a kwalbar man kai. Ta fita, ta manta kwandonta.

Jikata ta ɗauko shi ta ɗora mini a cinya. "Ke kika kira ta, ke za ki kai."

Layinmu gajere ne, amma ranar ya yi mini tsawo. Na tarar ƙofarta a sakaye. Zan yi sallama ke nan na ji ta daga ciki. Amshin nan take rerawa ƙasa-ƙasa. Ta yi shiru inda mai waƙa zai yi nasa, ta jira, ta jira, sannan ta shiga daidai wurin. Muryar ta tsufa, amma ba ta kauce ba.

Na tsaya da kwando a hannu har ta kai ƙarshe. Sai ta ce daga ciki, "Na ga ƙafarki ta ƙasan ƙofa. Ajiye a nan."

Na ajiye.

Washegari matan layi suka zo wurina neman labari, kamar yadda suka saba. Na ce musu gyangyaɗi nake lokacin, ban ga komai ba.