Mai Jan Baƙin Goni Isyaku

Shekara goma sha tara Mustafa yana ja wa Goni Isyaku baƙi a tafsirin azumi, a ƙofar gidan Gonin da ke Kabara. Shi ya karanto aya, Goni ya fassara wa jama'a. Bana sai wani babban masallaci a Abuja ya ɗauke shi limanci, da gida da mota, har za a riƙa sa karatunsa a talabijin. Mutanen unguwa, waɗanda jiya ko sallamarsa ba sa amsawa da kyau, yau kowa ɗan'uwansa ne.

Jirgi ƙarfe shida na yamma zai tashi, ranar ɗaya ga azumi. Ƙanensa Abdulmalik ya ajiye mota a bakin titi, don lungun ko a-daidaita-sahu da ƙyar yake shiga.

"Yaya, minti biyar. Ka yi masa sallama ka fito, ka san cunkoson gab da shan ruwa."

Mustafa ya tarar an fara tafsirin. Alaramma Abdulbaqi, wanda ya maye gurbinsa, yana kan buzu kusa da Goni. Mutum ne mai murya, kuma ya san yana da ita. Ya buɗe maƙogwaro ya zubo ayoyi bakwai a jere, jama'a suna ta kabbara.

Shekara uku ke nan ƙwaƙwalwar Goni tana zubewa, kuma Mustafa kaɗai ya sani. Shi ya sa yake yanka masa aya guntu-guntu, in ya ga tsohon ya ɓata sai ya maimaita a hankali, mutane su ɗauka ƙawa ce ta karatu. Da zai miƙa wa Abdulbaqi aikin ya gaya masa komai, har inda ake ajiye lasifika, ban da wannan. Bakinsa ya kasa cewa malaminsa ya fara mantuwa. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi, ga shi ya ɓoye.

Abdulbaqi ya kai aya ya tsaya. Goni ya gyara murya. Ya buɗe baki ya rufe, yatsunsa suna lalubar carbi. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka sau huɗu, yau yana kallon jama'a kamar ya shigo gidan da bai sani ba. Daga baya wani ya yi tari. Wasu samari biyu suka ɗaga wayoyinsu, suka saita fuskarsa.

Wayar Mustafa ta yi ta rawa a aljihu. Ya duba: biyar da kwata. Tsoro ya kama shi, tsoron rasa jirgin, da kunyar cewa jirgin ma yake tunani.

Ya cire takalmi, ya ratsa mutane, ya durƙusa.

"Alaramma, a yi mini aikin gafara. Ɗan matsa."

Abdulbaqi ya haɗe rai, amma ya matsa. Mustafa ya koma farkon ayar, ya jawo kalma huɗu kacal, ya tsaya. Ya sake maimaitawa, a hankali. Goni ya karkato da kai wajen muryar. Sai fassara ta fara fitowa, da rawa-rawa, sannan ta miƙe tsaf. Samarin suka sauke wayoyin.

Aka shafa fatiha shida saura minti goma. Abdulmalik yana tsaye a bakin lungu da jaka a hannu, ya ma daina kira.

Goni ya kamo hannun Mustafa ya miƙe. Shi da bakinsa ya sa masa albarka kan tafiyar nan makon jiya, amma babu alamar ya tuna.

"Mustafa, yau ka makara."

Mustafa ya sunkuya yana saka masa takalmi, idonsa ya cika.

"Na makara, Baba. Gobe zan zo da wuri."