Muryar da Ta Rage

"Malama, ba ma ji!"

Ihun ya fito ne daga can bayan ɗakin lacca, inda ɗalibai suke tsaye jikin taga don kujeru sun ƙare. Malama ta bubbuga lasifika, ko motsi. Wata huɗu ke nan da lalacewarta. Ta kurɓi ruwa, ta ɗaga murya har maƙogwaronta ya koma kamar an zuba masa yashi. Mutum ɗari huɗu, ita kaɗai.

Ba maƙogwaron ne ya fi damunta ba. Jiya ta kai 'yarta asibiti. Shekara biyu da rabi, ko "Mama" ba ta taɓa cewa ba. Likita ya duba kunne, ya duba baki, ya ce lafiyarta ƙalau.

"Kina yi mata hira a gida?"

Ta sunkuyar da kai. Kullum murya a dishe take komawa gida, da hannu take yi wa yarinyar magana. Zo, zauna, ci. Ita ma yarinyar ta koya, nuni kawai take yi.

Tana fitowa daga aji ta wuce ofishin shugaban sashe.

"Farfesa, maganar lasifikar nan..."

"Af, gwanarmu! Karɓi." Ya miƙo mata takardar yabo cikin gilashi. "Ɗalibai sun ce ke kaɗai kike ƙoƙari a ji ki har baya. Shi ya sa muka ƙara miki ajin yamma, yau za ki fara."

"Farfesa, 'yata ba ta magana."

"Ki more abinki! Nawa tun asuba suke zuba kamar rediyo." Ya yi dariya shi kaɗai. "Lasifika kuwa, kwamiti zai zauna."

Ta fito rungume da takardar. Ta so aikin nan tun tana ɗaliba, har yanzu ma tana sonsa, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Ƙarfe huɗu ta shiga ajin yamma. Yau kam ta ƙudura za ta adana wa 'yarta sauran muryarta. Ta ɗauki alli ta cika allo da manyan haruffa, ta goge, ta sake cikawa.

"Malama, ba ma ji!"

Ta rubuta: KU KARANTA.

Da ta isa gida, yarinyar ta tare ta a ƙofa, ta nuna kofi da ɗan yatsa. Malama ta ajiye jaka, ta durƙusa a gabanta.

"Kofi," ta ce. Muryar ta fito, ko da yake a shaƙe. "Ce kofi, 'yar lelena."

Yarinyar ba ta ce ba. Amma ta sauke yatsan a hankali, ta zuba wa bakin uwarta ido.