Kyamarar Hannu Ɗaya

Ranar da likita ya ce mai hoto ba zai jure tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa ba, suka kamo hanya suka dawo gida. Sai da matarsa ta zaunar da shi a kujerar bakin taga, ta ɗora hannunsa na hagu da ya shanye a kan matashi, sannan ya buɗe baki.

"To, ke za ki je. Ki ɗauko min hoton Yaya."

Yayan nasa ya haura tamanin, kuma shekara goma sha ɗaya rabon da su sa juna a ido. Ɗiyar Yaya ce ta bugo waya ta ce jikin tsohon ya yi sanyi, duk mai son ganinsa ya zo yanzu. Kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin magana ta waya. Yarinyar ta turo hotonsa, amma ta ɗauke shi taga na bayansa, fuskar ta fito baƙi ƙirin. Mai hoto ya duba sau ɗaya ya ture wayar. Ya ce wannan inuwa ce, ba ɗan'uwansa ba. Abin kunyar shi ne, mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaukar fuskokin jama'a, har unguwa ta laƙaba masa suna Kar-ka-motsa, hoton yayansa guda ɗaya tal yake da shi, shi ma tun gashin kansu yana baƙi. Yaya ba ya son hoto. Da ya ga kyamara sai ya ɗaure fuska kamar wanda aka tsayar gaban alƙali.

Mai hoto ya sa matarsa ta sauko masa da Giwa daga saman kabad. Haka yake kiran babbar kyamararsa. Ta zo da jakarta, da gilasai biyu, da fitila, da sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai. Ya shafa ta da hannunsa mai lafiya.

"Kyamarar kirki a hannu ake gane ta," in ji shi. "In ba ta da nauyi, ba ta da ciki."

Wannan magana ta ji ta fiye da sau dubu, daga bakinsa da bakin abokan sana'arsa, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya gwada ta ba. Ta kwashi kayan ta shige kicin, ta ɗora su a sikelin da take auna fulawa. Kilo huɗu da ɗoriya. Ta rataya Giwa a wuya, ta ɗauki sandarta, don gwiwarta ta hagu ta daɗe da daina yi mata biyayya, ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Wuyanta ya amsa. Da ta zo ɗaga kyamarar sai ta ga hannu biyu take so. Ta jingina sandar da bango, sandar ta zame ta faɗi, ita ma saura ƙiris ta bi ta.

"Baban Auta, ka zaɓa," ta ce tana haki. "Ko na je na dawo da hoto, ko na je a dawo da ni a kwance."

"Raki ne kawai. Shekara nawa ina yawo da ita?"

"Kai ka yi yawo da ita, ni na yi yawo da jakar. Ka manta?"

Bai manta ba. Duk tsawon zaman shagonsu na hoto ita ke wanke hotuna a ɗaki mai duhu, ita ke yanke gefensu, ita ke gyara wa mutane kwala da zaman ɗankwali. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba: danna maɓallin. Wannan nasa ne.

Da ya ga ba za ta sauko ba, ya ce a ba shi biro. Ya cika takarda da sharuɗɗan kyamarar da za a sayo, da lambobi, da girman gilashi, ya ja layi biyu a ƙarƙashin wasu. Ranar Asabar autarsu ta zo ta ɗauke ta a mota zuwa shagon kyamara.

Shagon yana hawa na biyu, tsakanin mai gyaran agogo da wani tela. Kafin ta gama hawa matattakalar ta tsaya sau uku. Mai shagon mace ce, ta manyanta, tabarau na lilo a ƙirjinta da igiya. Ta turo kujera da ƙafa tun kafin su gama gaisawa.

"Zauna, Mama, ki sha iska. Benen nan ya fi ni korar masu saye."

Auta ta miƙa takardar. Mai shago ta sa tabarau ta karanta har ƙasa, tana gyaɗa kai.

"Wanda ya rubuta wannan ya san aiki. Shi zai yi tafiyar?"

"Ni ce," in ji tsohuwar.

"To shi ya rubuta wa kansa." Ta ninke takardar ta ajiye gefe, da ladabi. "Nuna min hannunki, Mama."

Ta miƙa. Mai shago ta juya tafin, ta duba yatsun da ruwan wankin hoto ya busar, gaɓoɓin sun kumbura. Ta tambayi awa nawa za ta yi a hanya, ko akwai canjin jirgi, wa zai riƙe mata kaya, da wane hannu take riƙe sanda. Sannan ta tambayi wa za a ɗauka, a ɗaki ko a waje. Ba ta tambayi ko ɗaya daga cikin lambobin da aka ja wa layi biyu ba. Ta buɗe akwatin gilashi ta jera kyamara uku a kan tebur.

Auta ta yi wuf ta ɗauki ta farko, siririya mai ƙyalli. "Mama, wannan ce ake yayi. Shafawa kawai za ki yi, kamar waya."

Uwar ta shafa. Gilashin bai san tana yi ba. Ta sake shafawa, ta danna, ta lashi yatsa ta sake.

"Kin gani? Irin wayar da kika saya min ce. Ba ta ɗauke ni mai rai ba."

Ta biyun tana da maɓallai, amma ƙanana kamar ƙwayar magani, yatsa ɗaya ya danne uku. Ta ukun ba ta da wani kyan gani. Baƙa ce, gefenta ya ɗan tudu inda yatsu za su kama, maɓallinta ɗaya babba a sama, da igiya da ake zura wa a wuyan hannu. Auta ta taɓe baki ta ce tsohon yayi ce.

"Ni ma haka," in ji uwar.

"Ni ba na sayar da kyamarar tafiya a zaune," mai shago ta ce. "Ki zura igiyar, ki ɗauki sandarki, ki fita baranda ki je har bakin matattakala ki dawo. Kada ki ajiye sandar ko sau ɗaya. In kin ga abin da ya yi miki, ki ɗauka. Ke kuma 'yar nan, zauna. Ba ki cikin jirgin."

Ta fita. Kyamarar na lilo a hannunta, ba ta fi sabulun wanka nauyi ba. A ƙofar tela ta tsaya. Mutumin ya ga abin da ke hannunta, nan take ya miƙe wuya, ya gyara zama, ya haɗe rai. Ta san wannan fuskar. Ta gan ta a kan dubban mutane. Ta ɗaga hannu ɗaya ta danna. Ko ƙara babu.

"An gama," ta ce, don abin da bakin mijinta ya saba faɗi ke nan.

Tela ya saki numfashi, kafaɗunsa suka sauka, ya kai zare baki zai ciza yana murmushi. Ita kuwa hannunta bai riga ya sauka ba. Ta sake dannawa.

Mai shago ta daɗe tana kallon hoton na biyu. "Shekara tara muna maƙwabtaka da mutumin nan, ban san yana da haƙora ba. Mama, wa ya koya miki?"

"Babu. A bayan kafaɗar mai ɗauka na yi zamana."

Mai shago ta haɗa mata da batir na biyu, ta nuna mata yadda ake canza shi har sau uku, sai da ta ga ta iya ba tare da kallo ba. Ta ce a gaida mai takarda, a ce masa ba raini ba ne.

A gida mai hoto ya ɗora kyamarar a tafinsa, ya ɗaga, ya sauke.

"Sabulu kuka sayo."

Kwana biyu yana fushi da ita. A na uku, ana gobe tafiya, ya kira ta bakin taga. Ya ce tunda ta ƙi jin magana, aƙalla ta ji wannan: kada taga ta kasance a bayan Yaya, kada kuma a gabansa, a gefe, hasken ya zo ta kafaɗa. Ya ce ta kashe fitilar ɗaki. Ta matsa kusa, ta ƙara matsawa. Ta manne gwiwar hannu a jikinta don kada ya yi rawa. Ya sa ta gwada a kan butar shayi har sau goma, yana faɗa yana gyarawa. Ta saurara da kyau, don a kan haske ba ta taɓa kama shi da kuskure ba.

Tafiyar ta zo yadda aka faɗa, har da ƙari. An canza jirgi a wata tasha mai gada, hawa talatin da wani abu, ga turereniya. A tsakiyar gadar, sanda a hagu, ƙarfen dafawa a dama, kyamara a aljihun jaka ko jin ta ba ta yi, ta tuna Giwa da ƙafafunta uku, ta sa wa mai shago albarka a fili har wani ya waiwayo.

Yaya ya rame, amma idonsa na nan. Ya riƙe hannunta ya ce, "Amaryarmu, ke ma kin tsufa?" Ta ce ai a gidan su Yaya ta koya. Kwana uku ta yi. A safiyar na biyu ta sa ɗiyarsa ta juya kujera, taga ta koma gefe. Da ya ga abin da take shirin yi, ya miƙe wuya ya ɗaure fuska.

"Wancan mai taurin kan ne ya aiko ki ko?"

"Shi ne. Kar ka motsa, Yaya."

Ta danna. Ta matso kusa da kunnensa ta ɗaga murya. "An gama!"

"Har an gama? Da wannan ɗan abin?" Ya fashe da dariya, ya kai hannu yana nuna kyamarar. Ita dai hannunta bai sauka ba.

Ran da ta dawo, mai hoto bai bari ta cire takalmi ba. Ta zura masa igiyar a hannun dama, ta nuna masa inda zai danna. Hoton farko ya fito: Yaya zaune tsaf, haske ya kwanto ta kafaɗa, komai a wurinsa.

"Haske ya yi," ya ce. "Kin ji magana." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ya tsufa."

"Danna gaba."

Ya danna. Ya ƙura wa hoton ido.

"Ya karkace," ya ce can.

"Ya karkace."

"Kin yanke masa kunne."

"Ɗaya na nan."

Ya kusanto da hoton fuskarsa. "Haka yake dariya tun muna yara. Ido ɗaya a rufe. Babanmu ma haka yake yi." Ya goge fuska da kafaɗa, don hannun na riƙe da abu. "Na manta, wallahi na manta. Yaushe kika ɗauki wannan?"

"Bayan na ce an gama."

Ya ɗago ya dube ta. Ta ce masa ai kullum haka ne. Duk wanda ya zauna a kujerar shagonsu, fuskarsa ta gaskiya sai an ce an gama take fitowa, lokacin shi ya riga ya sunkuya yana juya fim ɗin kyamara. Ita ce take tsaye tana gani.

"Shekara arba'in, ba ki faɗa min ba?"

"Na faɗa. Ka ce in je in duba ruwan wanki."

Ya koma kan hoton ya daɗe.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Ita ma matar benen. Ki ce mata mai takarda ya gode. A wanke min wannan babba, kuma kada wanda ya gyara karkatar."

Ta sunkuya za ta zare igiyar daga hannunsa, ya janye. Ya juya kyamarar, ya auna ta a tafinsa kamar ranar farko, ya laluba maɓallin da yatsa. Shekara biyu ke nan rabon da ya ɗaga kyamara.

"Zauna can. A'a, taga a gefe. Ajiye jakar."

"Ko fuska ban wanke ba, Baban Auta."

"Kar ki motsa."

Ta zauna da ƙurar hanya a jikinta, ta ji wuyanta ya miƙe da kansa, kamar na kowa.

"An gama," ya ce.

Ta saki numfashi. Sai ta lura hannunsa bai sauka ba.