Jirgin Kaftin a Cikin Baho

Jirgin ya sake kifewa a cikin bahon. Mai Walda ya tsamo shi yana tsaki.

"Kaftin, bindigogin nan ne suka yi masa nauyi. Bari in cire biyu."

"Cire hannunka dai," in ji tsohon daga kan katifa, muryarsa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. "Jirgin yaƙi ba bindiga? Kwalekwalen masunta zan bari a bayana?"

Shi dai ba kaftin ba ne. Giris yake shafa wa inji a wani tsohon jirgin ruwan yaƙi da aka daɗe da yayyankawa. Unguwa ce ta naɗa shi kaftin. Tun da ciwo ya kwantar da shi ya matsa wa maƙwabcin nasa ya ƙera masa irinsa da gwangwanin madara, ya gan shi bisa ruwa kafin ya tafi.

Mai Walda ya gaji, ga aikin mutane jibge a shago.

"Jirgin da autanka yake aiki a ciki fa? Bindiga ɗaya tal, amma daga nesa yake sakin makami, ko abokin gaba bai gani."

"Wancan? Ai firij ne aka ɗora a ruwa. Mu in jirgin sama ya kawo hari, har gashin bakin matuƙin muke gani."

"Kai da kake can ƙasa wajen inji?" in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"An ba ni labari mana!" Ya yi dariya, tari ya ƙwace ta.

Mai Walda ya koma shago da jirgin. Bai taɓa bindiga ko ɗaya ba. Dalma ya narka ya zuba masa a ciki don gindin ya zauna. Sai ga wani da karyayyiyar ƙofa, wai sauri yake. Ya tsaya ya yi masa.

Da ya dawo, takalma sun cika ƙofar gidan. Bahon ma an shiga da shi wajen wanka.

Bayan an dawo daga maƙabarta, matar ta ɗauraye bahon, ta cika shi, ta ajiye a gaban Mai Walda. Ya tsuguna ya saki jirgin. Ya karkata, ya dawo.

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Inna."

Jirgin ya juya a hankali, bindigoginsa suna kallon katifar da aka naɗe a jikin bango.