Lambar Sirrin Baba Sani

Rabi'a ta sauko daga bas a tashar Bungudu tana gyara jakar kwamfutarta a kafaɗa, ranta fari tas. Da safe ta je Tsafe, reshen asibitin Dakta Tajuddeen, ta marairaice kamar mai jinya, ta roƙi ma'aikaciyar kati, Grace, ta ba ta lambar sirrinta ta shiga kwamfutar asibitin ta duba sakamakon gwajin innarta. Grace ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Hajiya, ko maigidana ban ba shi ba." Abin da Rabi'a take son ji ke nan.

Ita ta rubuta manhajar da asibitin ke adana bayanan marasa lafiya a Gusau da rassansa biyu, ita kuma ke tsaronta. Ta san aikinta, ba ta kuma yi wa kowa kara wajen faɗa. Masu kutse sun sha taɓa ƙofar, sun koma hannu rabbana. Saura mutanen ciki, shi ya sa ta ba Dakta shawarar a gwada su, tunda ma'aikatan rassa ba su san fuskarta ba. Shi kuwa Dakta, mai zafin kai, ya ƙara gishiri: duk wanda ya ba da lambarsa, a bakin aikinsa. Ta amince, don tana da tabbacin babu mai bayarwa.

Tana leƙa ɗakin kati na reshen Bungudu ta tsaya cak. Malam Sani ne zaune, mutumin Furfuri, aminin marigayi babanta. Ba ta san nan ya samu abin yi ba bayan ritaya, ga gida cike da bakuna.

"A'a, ɗiyar Ummaru! Mi ya kawo ki garinmu?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi Inna, ya tambayi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya, har da awakin gidan. Da ta so, da nan ta yi sallama ta juya. Amma mai sana'a da taurin kai, sai ta ji bakinta yana maimaita ƙaryar da ta yi a Tsafe.

"Ashe Inna ba lahiya, ba a hwaɗa min ba?" Ya miƙe ya juyo mata da kwamfutar. "Zamna nan ki duba, ai ke 'yar gida ce. Lambar ba wuya, sunan babanki ne da shekarar da ya rasu. Na sa ne don in riƙa tunawa da shi kullum sahe. Bari in yi La'asar."

Ya ɗauki butarsa ya fita. Rabi'a ta zauna gaban sirrin mutanen gari guda, ba ta taɓa komai ba. Kunya ta rufe ta, ta ji haushin kanta ƙwarai. Ta kulle kwamfutar ta jira shi, ya dawo ya ba ta ƙullin gyaɗa ta kai wa Inna.

Kafin Magariba tana ofishin Dakta a Gusau.

"Tsafe sun tsallake," in ji ta. "Bungudu na shiga."

"Wa ya ba ki?"

"Manhajata ce ta ba ni, ranka ya daɗe. Na yi ƙofar da ake iya ara wa mutum mukullinta, a garin da ba a hana ɗan'uwa aro. Ba ni mako biyu in mayar da ita ta dangwala yatsa. Yatsa dai ba ya aruwa."

"Wannan zance daban," Dakta ya ce, fuska a murtuke. "Amanar marasa lafiya ce aka bayar. Suna nake so."

"Ba za ka ji shi daga bakina ba."

"To zan gan shi a rubuce. Ai manhajar tana nuna wanda ke kan aiki a lokacin."

Ana cikin haka wata nas ta turo ƙofa ta ce an kawo mai naƙuda, jini ya ɓalle. Dakta ya zabura ya suri farar rigarsa, ya ture kwamfutarsa zuwa gaban Rabi'a.

"Shiga da tawa ki fitar min da sunan kafin in dawo." Ya karanto mata lambar sirrinsa da ƙarfi, har nas ɗin ma ta ji.

Rabi'a ba ta ko ɗaga hannu ba.

"Dakta," ta ce a hankali, "yanzu sun zama biyu. Da wa zan fara?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya cikin riga. Ya dubi nas, nas ta dubi ƙasa.

"Mako biyu kika ce?"

"Biyu."

"Kar ya wuce," ya ce, ya fice.