Ƙararrawar Tafiretar Roda

Roda ta iso Dutsin-Ma a 1983 da takardar shaidar buga tafireta da kuma abin taƙama guda: ba ta kallon takarda in tana bugu. Kunne take kasawa. Da ƙararrawar tafireta ta ce "ƙiling", ta san layi ya kusa ƙarewa, sai ta koma sabo. Alhaji Lado, sakataren ƙungiyar manoman wake, ya ba ta gwajin kwana uku. In wasiƙa ta fita tsaf, aiki ya zama nata.

Littafin da ya zo da tafiretar ya faɗa ɓaro-ɓaro: a ja ɗan ƙarfen dama zuwa lamba saba'in, ƙararrawa za ta kaɗa. Ta ja. Shiru. Ta mayar da shi sittin, ta hura, ta ɗan mare ta a gefe. Ko tari tafiretar ba ta yi ba. Haruffan ƙarshen layi suka riƙa hawa kan juna, har wasiƙar manoman Birchi ta fito ba a gane iri za a raba ko taki.

"Malama Roda, gobe ce ta ƙarshe," in ji Alhaji.

Hankalinta ya tashi sosai, don ta riga ta shaida wa duk matan coci ta samu aiki.

Washegari ta ɗaga murfin, sai ga tsumma an cusa wa ƙararrawar. Baba Audi, dattijon masinjan ofishin, ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, 'yata. Kukanta iri ɗaya da ƙararrawar teburin Alhaji. Akawun da ya tafi, shafi guda zai buga in miƙe sau talatin. Gwiwar nan fa tawa ce, ba ta ofis ba."

Ta zare tsumman, ta ce ya yi zamansa kawai. Ina! Shekara ashirin mutum yana amsa ƙararrawa, ai ƙafarsa ba ta neman shawarar kansa. Layi na farko, zumbur ya miƙe, ya tura ƙofar Alhaji: "Ranka ya daɗe!" A karo na biyar Alhaji ya rantse in ƙofar nan ta sake buɗewa, su biyun za su kama gabansu.

Roda ta dubi dattijon yana murza gwiwa, tausayi ya kama ta. Ta mayar da tsumman da hannunta, ta ɗiga alli a kan lamba saba'in. Baba Audi ya jawo benci bayanta, ya zuba ido. Da bugu ya kai kan allin, ya buɗe baki ya ce, "Ƙiling!"

Haka suka yi har shafi biyu.

Alhaji ya karanta wasiƙar daga sama har ƙasa, babu harafin da ya hau wani.

"Ki fara ranar Litinin," in ji shi. "Amma Audi, a nemo mai a sa wa tafiretar nan. Tun daga ofishina nake jin muryarta ta dishe."