Fuskar Abah a Cikin Leda

Tatang mutum ne mai hankali a kan komai, ban da kwali. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a Bandung ta ƙasar Indonesiya, hannunsa na da kyau, ba ya cutar kowa, sallah ba ta wuce shi. Amma ka nuna masa kwalin wasan tebur, irin manyan nan masu taswira da katuna da 'yan mutum-mutumin roba a ciki, to shi ke nan, ka gama da shi. Ɗaki guda ya ware musu a gidansa, kanta har rufi, kuma ɗakin ne kaɗai mai na'urar sanyi. Shi da matarsa Imas da fanka suke lallaɓawa.

Abin haushin, ba ya buɗe su. Yadda suka zo a ledarsu ta kamfani, a manne tsaf, haka suke zaune shekara da shekaru. In ka kira shi da girmamawa irin ta garin ka ce masa, "Kang Tatang, wannan ya ake buga shi?" sai ya shafa kwalin ya ce, "An ce yana da daɗi sosai." An ce! A wurin su Tatang, kwalin da aka yage wa leda ya zama gwanjo, ko da kuwa minti ɗaya da yagewar.

Yawancinsu ma ba a shago ya saye su ba. Karo-karo ake yi a intanet. Wani zai fito ya ce yana da wasa a kansa amma ba jarin bugawa, jama'a su tara masa tun wasan bai zo duniya ba, sannan a zauna jira. Wanda ya ba da kaɗan ya sami kwali. Wanda ya saki hannu a ƙara masa da tarkace. Wanda kuwa ya zauce gaba ɗaya, a zana masa fuskar wanda yake so a jikin kati ɗaya daga cikin katunan wasan. To, a kan wani wasa mai suna Jiragen Kanumfari, na wani mutumin Poland, Tatang ya zauce gaba ɗaya. Ya aika hoton mahaifinsa.

Niyyar mai kyau ce, wannan ba musu. Abah Karna ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa ƙaramar bas ta haya daga Cicaheum zuwa Ledeng, kuma in ka cire lasin tuƙi, ba inda hotonsa ya taɓa fitowa. Kuskuren Tatang ɗaya ne: ya gaya masa.

Abah ba ya riƙe magana. Kafin la'asar, duk tsofaffin da ke buga gaple, wasan domino mai ɗige-ɗige, a rumfar kofin Bi Onah sun ji cewa fuskar Karna za ta shiga Turai. Kafin sati ya zagayo labarin ya yi ƙiba, Abah ya zama sarkin jirgin ruwa, mai hula da takobi. Tatang bai ce haka ba, don shi ma bai san me za a zana ba, amma bai gyara ba.

Sai jira. Shekara ta zo ta wuce, wata ta bi ta. Mutumin Poland sai aiko da ban haƙuri yake yi: yau masana'anta ce, gobe takarda ta yi tsada, jibi jirgi ya maƙale, gata kuma a koma kan masana'anta. Su Tatang sun saba, a wurinsu jiran ma wani daɗi ne. Tsofaffin rumfa kuwa ba su san wannan ba, balle Mang Engkos, tsohon abokin tuƙin Abah, mutumin da Allah ya yi wa baki kamar reza.

"A tashi, a tashi, Sarkin Turai ya iso! Bi Onah, goge masa benci."

"Karna, wai jirgin nan naka a ƙafa yake tahowa ne?"

"Ni dai na ce ko Turawan sun ga fuskar ne suka fasa sana'ar gaba ɗaya."

Da farko Abah dariya yake yi, har ya rama. Daga baya dariyar ta ragu. Daga baya kuma ya fara ƙin zuwa rumfar, sai ya zauna a ƙofar gida shi da rediyo. Wannan ya dami Tatang ƙwarai, don tun rasuwar mahaifiyarsa, Abah ba shi da wani wurin zuwa sai rumfar nan. Ɗansa ya mai da shi maƙaryaci a gaban abokansa, kuma kati ɗaya ne kawai zai wanke shi.

Ran nan da hantsi sai ga mai babur da ƙaton katan. Tatang ya wanke hannu, ya yanka katan ɗin a hankali, ya zaro kwalin. Ya kalle shi, sai ya zauna a ƙasa daɓas.

"Innalillahi," ya ce.

Imas ta leƙo daga kicin. "Ya karye ne?"

"Ya sa hannu."

"Wa?"

"Mutumin Poland. Wai don ya wanke laifin jinkiri, ya sa wa manyan masu karo-karo hannu da alƙalami mai ruwan zinare."

"To ai abin kirki ne. Buɗe mu ga Abah."

"Imas," ya ce, "a kan ledar ya sa."

Ta dube shi, ta dubi kwalin, ta sake dubansa. "Kang, ubanka na ciki."

"Na sani. Ki ba ni ɗan lokaci, akwai dabara. Kada ki gaya masa tukuna, don Allah."

Dabarar ita ce wani mai suna Ko Liong, mai shagon tayil a Kosambi, wanda shi ma ya shiga karo-karon. Wasan iri ɗaya ne, katin Abah na cikin kowane kwali a duniya. Abin da Tatang ke so bai taka kara ya karya ba: Ko Liong ya buɗe nasa, a ɗauki katin a kai rumfa, a dawo masa da shi.

Ko Liong ya saurare shi har ƙarshe, yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Tang, uban waye a ciki? Nawa ko naka?"

"Nawa, Ko Liong."

"To me ya sa ledata ce za ta mutu?"

Tatang ya koma kan waya, zauren da masu tara wasanni ke hira. Daga Jakarta, daga Surabaya, har daga Medan, kowa ya saka hoton kwalinsa yana ƙyalli a leda, kowa na tambaya, "Wa ya buɗe? Ya cikin yake?" Ba wanda ya buɗe. Mutum sama da ɗari, kowa na jiran wani ya yi wautar. Wani Bajamushe dai ya buɗe nasa a bidiyo, Allah ya saka masa, amma da ya zo kan katunan sai ya watsa su fir kamar mai ƙirga takardun banza. Tatang ya yi ta tsayar da bidiyon yana zuba ido, bai ga komai ba sai babban yatsan Bajamushe.

Sati ya bi sati. Kullum Tatang ya shiga ɗakin, ya ɗauki kwalin, ya girgiza shi kusa da kunne, ya mayar. Kunya yake ji, wallahi yana ji, amma da ya kai farce kan ledar sai hannunsa ya ƙi. Imas kuwa haƙurinta ya ƙare. Ta kai wa Abah miya, ta dawo tana waƙa ƙasa-ƙasa, Tatang bai gane ta riga ta fesa wa tsohon labari ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, aka yi sallama. Abah ne, cikin rigar batik ɗinsa ta zuwa biki, bayansa tsofaffin rumfa reras, Mang Engkos a ƙarshe da ƙullin bala-bala mai zafi, wata suya mai kama da ƙosai, mai har ya huda takardar. Kafin Tatang ya ce a zauna a falo, Imas ta buɗe musu ɗakin kwalaye.

Mang Engkos ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga kai sama, sanyi na hura masa hula. "A'a! Tatang, kwalaye na shan sanyi, matarka na shan fanka? Neng Imas, da kin sani ai da kin shiga leda."

"Na yi tunanin haka, Mang," in ji Imas.

"To ina Sarkin Turan? Mun zo gaisuwa."

Tatang ya sauko da kwalin, ya ajiye a tebur, ya shiga kame-kame. Ya yi bayanin sa hannun. Ya yi bayanin damshin Bandung da yadda yake kumbura kati. Ya ce akwai wani a Semarang da ake sa ran zai buɗe nasa ƙarshen wata. Tsofaffi suna ta kallon juna, Mang Engkos na tauna bala-bala da murmushin wanda ya ci caca.

Abah bai ɗaga murya ba. "Tang," ya ce, "in ba ni a ciki, faɗa mini yanzu a gabansu. A yi dariyar sau ɗaya, in huta."

Nan Tatang ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi. Ya fita, ya dawo da sabuwar reza da safar hannu fara. Shirinsa shi ne ya tsaga ledar ta ƙasan kwalin, ya zare ta kamar riga, sa hannun ya tsira. Ya kifa kwalin a kan tawul, ya sunkuya, ya riƙe numfashi.

"Kaciya za a yi masa?" in ji wani tsoho.

"Ku yi shiru, likita na aiki," in ji Mang Engkos. "Wa zai riƙe ƙafafun?"

Rezar ta shiga lafiya. Ta yi tafiya kamar tsawon yatsa lafiya. Sai ledar ta ce tsiiit, ta yi gaban kanta, ta hau gefe, ta zagaya sama, ta raba sunan mutumin Poland gida biyu. Tatang ya tsaya da reza a hannu, baki buɗe.

"Alhamdulillahi," in ji Imas daga bakin ƙofa.

Tunda an yi ɓarnar, sai a ci gaba. Warin sabuwar takarda ya cika ɗakin. Katunan tuli guda ne, Tatang na bi ɗaya bayan ɗaya, yana kare su da gwiwar hannu daga yatsun Mang Engkos masu naso. Ga fatake, ga 'yan fashin teku, ga sarkin jirgi da hularsa da takobinsa, wani jan Bature mai gemu, uban wani ne can daban. Can kusa da ƙarshe sai ga Abah.

Shi ne, ba tantama. Mai zanen ya iya aikinsa, har wushiryar, har manyan kunnuwan nan. Sai dai kuku ne. Kukun jirgi, da ludayi a hannun dama, da wata kaza mai zare ido a hammatar hagu.

Tatang ya ce a ransa, yau Mang Engkos ya sami abin tsokana har kabari. Ba yadda zai yi, ya miƙa wa Abah katin da hannu biyu.

Abah ya karɓa. Ya kai shi dab da hanci, ya janye shi nesa, ya karkata shi wajen taga. Sannan fuskarsa ta washe, ya ɗaga katin sama ya juya shi ga abokansa.

"To, kun gani? Engkos, ka gani? Dubi hular! Dubi takobin nan!"

Katin a kife yake a hannunsa, kai ƙasa, kaza sama.

Ba wanda ya yi dariya. Tatang ya dubi idon mahaifinsa, kallo na sosai, irin wanda ya daɗe bai yi ba. Wani fari-fari ya gani ya lulluɓe baƙin, duka biyun, kamar an ɗiga madara a shayi. Shi da yake gano ƙurar da ta sauka a kan leda daga bakin ƙofa, bai ga wannan ba.

Mang Engkos ya goge hannu a zaninsa, abin da bai rage man da komai ba. "Kawo in gani da kyau, kada a yi mana rufa-ido." Ya karɓi katin, ya juya shi daidai ba tare da ya nuna ya juya ba. Ya daɗe yana kallon kukun nan da kazarsa. Leɓensa na rawa, kowa na ganin irin yaƙin da yake yi da bakinsa.

"Kai ne, Karna," ya ce daga ƙarshe. "Sarkin jirgi sak. Sai dai sun yi maka alfarma, sun rage kunnen."

"Hassada!" in ji Abah, yana dariya har da tari. "Hassada ce ke cinka, tsohon banza!"

Tsofaffi suka rufe shi, kowa na karɓar katin yana yaba takobi. Katin ya zaga hannu biyar, ya sha man bala-bala har ya fara sheƙi. Abah ya karɓe abinsa ya zura a aljihun batik, ya ce gobe da shi za a buɗe rumfa, Bi Onah ma sai ta gani. Wasan Jiragen Kanumfari ya rasa kuku ke nan har abada.

Da suka zo fita, Mang Engkos ya tsaya ɗaura takalmi har sauran suka yi gaba, sannan ya jawo Tatang ta hannun riga.

"Kana tsammanin bakina ne ya kore shi daga rumfa? Shekara arba'in yana shan bakina, bai gudu ba. Ɗigon gaple ne ya daina gani, yana jin kunyar a riƙa karanta masa. Ya hana mu gaya maka, wai kana da hidima da yawa." Ya harari ɗakin kwalayen. "Yanar ido ce kawai. An cire wa yayata bara, yanzu har zare take zurawa a allura. Ka kai shi."

"Gobe, Mang. Da sassafe."

"Gobe rumfa za shi, kada ka ɓata masa. Jibi." Ya miƙe, ya gyara hula. "Kuma kafin a buɗe masa idon, ka san ƙaryar da za ka yi a kan kazar nan, don ni ba ruwana."

Tatang ya tsaya a bakin ƙofa, safar hannun har yanzu a hannunsa, yana kallon Abah na tafiya a tsakiyar abokansa, tafin hannu dafe da aljihu, Mang Engkos ya cim masa ya riƙe masa gwiwar hannu wajen tsallake kwata. Bai shirya wata ƙarya ba, kuma ba zai shirya ba. Duk duniya ba abin da yake so kamar ranar da Abah zai ga kazar nan da idonsa, ya zo har gida ya zage shi tas.